Zuwa Ga Mamana, A Kan Maganar Zanenki



Mamana, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da malamanku da 'yan ɗakinku. Mu nan gida sai godiyar Allah. Takwararki Hajiya tana gaishe ki, ƙafar ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida shan hantsi. Ummanku da ƙannenki ma duk suna gaisuwa.

Takardarki ta iso hannuna tare da littafin da kika ba Ummanku ranar ziyara. Kin tambaye ni ko zan yarda ki bi wannan harka ta zane mai motsi har ta zama sana'arki, sannan daga can ƙasa kika ƙara da ƙananan baƙaƙe cewa idan abin zai zame mini nauyi, in bar maganar kamar ba ki yi ba. To, na yarda. Na fara da wannan ne don kada ki karanta sauran takardar gabanki yana faɗuwa.

Amma wancan layi na ƙasa ban ji daɗinsa ba. Tun da kika dawo gidan nan na lura ko sabulu za ki nema sai kin rage murya, kin yi ta kewaye-kewaye. Mahaifinki, Allah Ya jiƙansa, nono ɗaya muka sha, abin da yake nasa nawa ne, har da ke. 'Ya ba ta ba ubanta haƙuri don ta nemi abu a wurinsa. Idan ina da shi in ba ki, idan babu in ce miki babu, ki yi fushin da kowace 'ya take yi, gobe ki huce. Haka ƙannenki suke yi mini, haka nake so ke ma ki riƙa yi.

Ina kuma so ki san dalilin yardata, domin ba tausayi ba ne. Da shirme na tarar a littafin, da na gaya miki cikin lallami, na ce ki ci gaba da yi don nishaɗi, mu nemi wata hanyar. Aikina ke nan a shago, kullum ana kawo mini zane in buga, na san mai kyau, na san na jeka-na-yi-ka. Abin da ya tsayar da ni shi ne yarinyar nan da kika zana a kusurwar shafuka, wadda idan mutum ya saki takardun da babban yatsa sai ta sunkuya ta ɗauki tulu. Kafin ta ɗaga sai da kika sa ta ƙara duƙawa kaɗan, kafaɗarta ta yi ƙasa, sannan ta yunƙura. Da tulun ya hau kai, wuyanta ya ɗan nutse, ruwa ya fantsalo ta baki. Wasu tsofaffin masu zane na kamfanin Disney, Frank Thomas da Ollie Johnston, sun fitar da littafi a 1981 suka tattara ƙa'idoji 12 na wannan sana'a, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce jiki ba ya yin babban motsi sai ya fara ja da baya ya ɗauki shiri. Ke ba wanda ya karanta miki wannan. A bakin famfo kika gani, idonki ya riƙe, hannunki ya fitar. Masu iya zana kyakkyawar fuska suna da yawa, Mamana. Mai sa takarda ta nuna cewa tulu yana da nauyi shi ne ba a cika samu ba.

Ga abin da nake jiye miki. Maraya a garin nan da mutane iri biyu yake gamuwa, masu hantara da masu tausayi. Masu hantara kin san su, kuma ba su da ta cewa a kanki muddin ina numfashi. Masu tausayin ne sha'aninsu ya fi wuya, domin da zuciya ɗaya suke yi. Za ki nuna musu aiki su ce Allah sarki, marainiyar Allah, dubi abin da ta yi, wasu har da ƙwalla, alhali ba zanen suka kalla ba, ke suka kalla. Ki amsa addu'arsu da amin, ki gode musu, amma kada ki auna aikinki da yabonsu. Yaron da ake yaba wa komai ba ya sanin inda zai gyara, sai ranar da ya kai aiki gaban wanda bai san tarihinsa ba, ya ji maganar da ya kamata a ce ya ji tun a gida. Ba na son haka ta same ki, don haka zan riƙa gaya miki gaskiya, kuma daga yau zan fara.

Hannuwa suna ba ki wahala. Kusan duk mutanen littafin nan hannunsu yana baya, ko cikin mayafi, ko cikin aljihu, na kuwa gane ɓoye yatsun kike yi. Idan mutanenki suna tafiya, ƙafarsu ba ta kama ƙasa, zamewa take yi. Sannan fuskokin duk iri ɗaya ne, manyan idanu da ɗan tsinin haɓa irin na katun ɗin Japan da kuke kallo. Kwaikwayo ba laifi ba ne, kowa da shi ya fara. Amma ki dubi Hajiya, ki dubi mai nonon da take zuwa gidanmu, ki dubi mai kayan miyan bakin layi, wa ke da wannan fuskar a cikinsu? Maganin duka ukun ɗaya ne. Ki ware ƙaramin littafi, kullum ki zana abin da yake gabanki: hannunki na hagu a buɗe da a dunƙule, 'yar ɗakinku tana wanki, akuya tana tuƙa, kaza tana tono. Ki sa kwanan wata a kowane shafi, kada ki goge, kada ki yaga, ko da ya yi muni. Bayan wata shida munanan ne za su nuna miki nisan da kika yi.

Sai maganar wahalar aikin, don ki shiga da idonki a buɗe. Fim yana tafiya ne da hoto 24 a kowane sakan. Masu zane da hannu sukan yi 12, a nuna kowanne sau biyu. Ki lissafa da kanki: minti ɗaya zane 720 ke nan, minti biyar 3,600. Wannan kuwa mutum ɗaya ne yake motsi, ba a zo kan gidan da yake ciki ba, ba a sa launi ba, ba a sa murya ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Yawancin yaran da suke sha'awar abin nan a sakan goma suke tsayawa, ba don ba su da baiwa ba, sai don zaman ya gagare su. Mahaifinki shi yake zana aska takwas a jikin babbar riga, masu ɗinki su kwashe watanni suna bin layinsa da allura, kuma na sha ganin ya sa an kwance aikin kwana da kwanaki saboda layi ɗaya ya karkace. Idonsa kam kin gada. Wannan haƙurin nasa nake roƙon Allah Ya haɗa miki da shi.

Kada kuma wani ya ce miki wannan aikin Turawa ne da Japanawa, mu ba mu da gado a ciki. Akwai wani mutumin Nijar, Moustapha Alassane, an haife shi a 1942, makaniki ne tun farko. Tun yana saurayi yake yanka kwali yana haska fitila a bayansa, yara su taru suna kallon inuwa tana motsi. Daga baya ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren, ya dawo gida. A 1966 ya fitar da ɗan gajeren fim na zane mai suna Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara wata ƙasa, kuma duk wanda ya san shugabannin Afirka na wancan zamani ya san da wa ake. A Tawa ya yi zamansa na ƙarshe, cikin Hausawan Adar, yana ta aikinsa har tsufa, ya rasu a 2015. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Afirka baki ɗaya. Ina so ki riƙe sunansa, domin daga Kano zuwa Tawa tafiyar mota ce, amma da wuya ki sami ɗalibi a makarantarku da ya taɓa jin labarinsa, abin kuwa yana yi mini ciwo.

A nan gida ma akwai Adamu Waziri da ya fara Bino and Fino a Abuja a 2010, saboda ya ga 'ya'yanmu suna girma ba sa ganin mai kama da su a katun. Idan kuma an ce miki ba aikin mata ba ne, to dogon fim ɗin zane mafi daɗewa da ya rage a duniya mace ce ta yi shi, wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger. Da almakashi da baƙin kwali ta yanka mutanenta, ta haɗa gaɓoɓinsu da siririyar waya, tana gusa su kaɗan-kaɗan a kan gilashi mai haske daga ƙasa ana ɗaukar hoto, shekara uku tana yi, ta gama a 1926. Labarin ma daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko shi. A zamaninku kuma wata 'yar Zambiya, Malenga Mulendema, ta ƙirƙiri Supa Team 4, labarin 'yan mata huɗu a Lusaka, Netflix ta fara nuna shi a 2023.

Batun kayan aiki, na riga na yi magana da wani abokin sana'ata, za a samo miki kwamfutar tafi-da-gidanka. Ta hannu ce, amma mai ƙarfi, tare da allon zane da alƙalaminsa. Manhajojin da kike buƙata ba sai an saya ba. Krita kyauta ce, OpenToonz da kamfanin Ghibli na Japan ya daɗe yana aiki da irinta an sake ta kyauta tun 2016, Blender ma haka. Kada kalmar kyauta ta sa ki raina su. Fim ɗin Flow, labarin wata kyanwa a cikin ambaliya wanda babu magana ko ɗaya a cikinsa, da Blender aka yi shi a Latbiya, ƙasar da mutanenta ba su kai na birnin Kano yawa ba, kuma a watan Maris na 2025 ya ci lambar Oscar a gaban finafinan manyan kamfanonin Amurka. Amma ke da Krita za ki fara, kuma darasinki na farko shi ne ƙwallo ta faɗo, ta bugi ƙasa, ta koma sama. Za ki ga dole zanen su matsu da juna a can sama inda take tafiya a hankali, su yi nesa da juna yayin da take kusantar ƙasa da gudu. Wannan shi ne abin da malaminku na fiziks yake rubuta muku a allo, don haka kada in ƙara jin kin ce darasinsa bai shafe ki ba. Da rana za ki riƙa zuwa shago ki yi aiki tunda akwai sola, kuma ki saba da adana aikinki a wuri biyu.

Za ki ji ana cewa yanzu na'ura tana zana komai, me zai sa mutum ya wahala. Tana yi kam, har ta fara cin wani ɓangare na aikinmu a shago. Za ki koye ta idan lokaci ya yi, amma ba yanzu ba. Wanda bai iya zana hannu ba, ba zai gane ba idan na'ura ta ɓata hannu.

Kuɗin kwamfutar daga aljihuna zai fito. Gadonki ban taɓa ba, kuma ba zan taɓa ba. Hayar shagon mahaifinki da abin da gona take kawowa duk suna rubuce a littafi, kawunki yana sa hannu a matsayin shaida. Allah Ya yi magana mai nauyi a kan dukiyar maraya a farkon Suratun Nisa'i, Ya ce a riƙe ta har a ga hankalinsa ya nuna, sannan a miƙa masa a gaban shaidu. Na ajiye ta ne don karatunki na jami'a. Yanzu kin kai shekara 16, duk ranar da kika so ki ce in buɗe miki littafin ki gani, hakkinki ne, ba rashin kunya ba ne.

Hajiya ta kira ni ɗaki a kan zanen nan, kuma ba na son ki ɗauki damuwarta a matsayin rashin wayewa. Tsoron Allah ne ya sa ta magana. Hadisan da suka zo a kan masu yin surar abu mai rai ingantattu ne, gargaɗinsu kuma mai tsanani ne. Inda malamai suka saɓa shi ne wace sura ake nufi. Fitacciyar magana a mazhabar Malikiyya ita ce haramcin yana kan sura mai jiki, mai inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika, irin gunki; zanen da yake shimfiɗe a takarda bai kai haram ba a wurinsu, kuma an yi rangwame a kan 'yar tsanar yara mata, tunda Nana A'isha ta yi wasa da ita a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Akwai kuma malaman da suka hana zanen mai rai gaba ɗaya, su ma da hujjarsu. Ni na natsu da maganar farko, musamman idan abin da ake zanawa na koyarwa ne da tarbiyya. Amma addininki ne, ba na so ki tafi a kan natsuwata kawai. Idan kin zo hutu za mu je wajen malamin da ya karantar da mahaifinki, ki yi tambayarki da bakinki, ki ji amsa da kunnenki, Hajiya ma ta ji. Maganar aure da ta haɗa da ita kuwa na ce mata lokacinta bai yi ba. Idan ya yi, duk wanda zai zo da sana'arki zai same ki, kuma da ni zai yi magana.

Karatu ba za a taɓa shi ba. Ina son kiredit biyar ɗinki cif a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, sannan JAMB. Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da tsohon sashen zane-zane, inda tun 1958, kafin ma kwalejin ta zama jami'a, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya suka dage a kan zanensu ya fito daga ƙasarsu. A Jos kuma akwai cibiyar koyar da aikin fim ta ƙasa. Za mu duba su a nutse. Ki kuma san cewa sana'ar nan ba ta saurin ciyar da mai ita. Masu yin ta da yawa da tallace-tallace da gajerun faifan wayar da kai suke cin abinci, su yi nasu labarin da dare. Za ki haɗu da masu cewa ki yi musu kyauta za su tallata ki. Idan ranar ta zo zan koya miki yadda ake yanka farashi da yadda ake rubuta yarjejeniya, kuma kada ki taɓa sa hannu a takardar da ta mallaka wa wani mutanen da kika ƙirƙira. Shafin da za ki riƙa sa aikinki a intanet tare za mu buɗe, kuma duk wanda ya biyo ki ta saƙon sirri da alkawarin aiki ko gasa, ki turo shi wurina.

Na bar shafukan ƙarshe na littafin sai yanzu. Matar nan da take tankaɗe, tana bugun gefen rariya da tafin hannu sau biyu sannan ta juya ta, ban buƙaci a gaya mini ko wace ce ba. Ba ki ma zana fuskarta sosai ba, amma mahaifiyarki ce, Allah Ya haskaka kabarinta. Haka take yi, ba wanda yake yi haka sai ita. Na daɗe a zaune kafin na iya rufe littafin, kuma ban nuna wa kowa waɗannan shafuka ba, har Ummanku. Mamana, ki zana ta duk lokacin da kewarta ta taso miki, ki zana mahaifinki, wannan tsakaninki da su ne. Amma nan gaba, idan aikinki ya fara fita, za a sami masu cewa ki ba da labarin maraicinki domin shi ne zai taɓa zuciyar mutane, shi ne zai ci gasa. Ba dole ba ne. Idan wata rana ke da kanki kika ga kin shirya, ki yi, zan tsaya miki. Idan kuma Gizo da Ƙoƙi kike son yi, ko akuyar da ta shiga aji, abin da zai sa yara su yi ta dariya har su faɗi, ki yi abinki. Kina da hakkin yin abin dariya kamar kowane yaro.

Ga aikin da na ba ki na dogon hutu: fim na minti ɗaya, mai farko da ƙarshe, baƙi da fari, mutum ɗaya ko biyu kacal. Kada ki ɗauko babban labari. Kafin ki dawo ki zana shi cikin ƙananan akwatuna a takarda, kowane akwati da abin da ke faruwa a cikinsa, don mu ga ko labarin ya tsaya kafin ki zuba wahala. Idan akwai magana a ciki, muryar za mu fara ɗauka da waya, ƙannenki su yi miki, sannan ki zana baki ya bi ta. Sharaɗina ɗaya ne, ki gama shi, ko da rabinsa bai yi miki ba. Ranar da ya kammala za mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i, Hajiya ce za ta zauna a gaba.

Ranar hutu ni zan zo ɗaukarki da kaina, in Allah Ya yarda. Ki haɗo duk littattafan zanenki, har da waɗanda kike jin kunyar nunawa. Ki kula da sallarki a kan lokaci, ki riƙa yi wa iyayenki addu'a, ki ci abinci sosai. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa albarka a hannunki.

Naki,
Baffa